Ɓarza Ba Niƙa Ba Ce, Ko da Za Ku Ja Tsaki

Na san halinku. Tun kafin a gama karanta kan maganar nan wani ya riga ya taɓe baki ya ce, "Wannan aikin yi ya rasa. Ana fama da tsadar masara, shi yana fama da sunan yadda ake farfasa ta." Wani kuma, cikin dattawan da ke zaman majalisa a bakin Court Road bayan la'asar, zai gyara zaman hularsa ya yanke hukunci: ɓarza, niƙa, daka, marmasa, duk kanwar ja ce, babban abu ne aka mayar da shi ƙanana, shi ke nan, a kawo wata maganar. To madalla. Ni ma da haka nake cewa, kuma da ƙarfi nake faɗa, har ranar da kwano shida na alkama suka zubar mini da girma a tsakar gidana.

Bikin 'yar yayata ake shiri, an zo kan gara. A Kano kuwa garar da babu alkaki a cikinta, dangin ango za su karɓa su yi godiya, amma za a yi shekara ana maganarta a ɗaki. Yaya da kanta ta sa aka auno alkama daga Dawanau, mata suka surfa, suka wanke, suka shanya a kan tabarma, ana korar kaji. Ranar da za a kai inji yara duk sun tafi Islamiyya. Ina sa takalmi uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, tunda fita za ka yi, don Allah ka biya inji a ɓarzo mana alkamar nan." Na ce to. Na ji kalmar sarai, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma a kunnena a lokacin, ɓarza kawai wata hanya ce da mata suke faɗin niƙa don su nuna sun fi mu sanin madafi.

Na sa buhun a Adaidaita Sahu daga Gyaɗi-Gyaɗi, muka nufi wajen kasuwar Tarauni, inda akwai wani inji da aka ce ba ya haɗa wa mutum hatsinsa da ragowar barkonon wani. Kun san yanayin wurin: ƙara kamar za ta tsaga kai, ƙura fara tana tashi, yara mata a layi kowace da bokitinta da tsumma a rufe. Yaron injin ya yi fari fat har gashin ido. Ya kwance bakin buhun, ya dumbuzi alkamar ya duba, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, me za a yi?" Na ce, "A niƙa." Ya sake kallon alkamar, ya kalle ni, ya ce, "Niƙa, Baba?" Ni kuma a lokacin na ga yaro yana neman ya raina mini hankali a gaban 'yan mata, na ce, "To da, aski ake zuwa yi inji?" Layin ya fashe da dariya, na ji daɗi, na ɗauka da yaron ake yi. Yaro bai ƙara cewa uffan ba. Ya kama wani mariƙi a gaban injin ya murɗa, ya ƙara murɗawa, ya juye alkama. Abin da ya fito gari ne mai laushi kamar hoda, har na yaba masa, na bar masa canji.

Da na dawo gida, Yaya na zaune a kan kujera 'yar tsuguno. Ta zura hannu a buhun, ta ɗebo, ta murza tsakanin babban yatsa da manuniya. Ba ta yi magana ba. Ta miƙa wa uwargida, ita ma ta murza. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Can Yaya ta ce, "Auta, wai ba kai ne kake rubutu a mujalla ba? Da wace Hausar kake yi?" Shekaruna sun haura hamsin, amma ranar na koma auta na gaske.

Ga abin da kwano shida suka koya mini, ku kuma ina ba ku kyauta. Injin nan faranti biyu ne na ƙarfe masu haƙora a cikinsa, ɗaya a tsaye, ɗaya yana juyawa, hatsi yana bi ta tsakaninsu. Mariƙin da yaron ya murɗa shi ne yake matso da su ko ya raba su. In an ɗaure tamau, ƙwaya ba ta da hanyar fita sai ta zama gari: wannan shi ne niƙa. In an sassauta, ƙwayar ta fashe gida uku ko huɗu ta wuce da sauran jikinta: wannan ita ce ɓarza. Abin da ya fito ana tankaɗe shi a rariya, ɗan garin da ya samu ya zube ƙasa, abin da ya tsaya a sama shi ne tsaki. Wato mai ɓarza so yake abin ya farfashe amma kada ya mutu, a riƙa jin sa a haƙori. Yaron da ya tambaye ni sau biyu ya ga surfaffiyar alkama, wankakkiya, a lokacin bukukuwa, a hannun namijin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya san abin da aka aiko ni. Ni ne ban sani ba.

Na ji wani yana jan tsaki daga can baya. Ja da kyau, Malam. Amma ka lura, tsakin da ka ja da tsakin da ake faten safe da shi a rubuce harafi ɗaya ne ba bambanci, kunne ne kawai yake raba su. In ka yarda kunnenka yana iya raba waɗannan biyun, me ya sa kake ƙyashin ya raba ɓarza da niƙa, waɗanda ko kama ba su yi ba?

Kuma ba alkaki kaɗai ke rataye a wuyan kalmar nan ba. Dambun shinkafa da ɓarzajjiyar shinkafa ake yin sa, a turara, a zuba zogale da gyaɗa da albasa, ya fito warawara. Ka ba mai dambu gari ka gani, abin da za ta sauke sai dai a nema masa suna. Dashishi tsakin alkama ne. Burabusko, wanda Barebari suke taƙama da shi kamar su suka ƙirƙiro gero, ɓarzajjen gero ne. Sai kuma uwa uba, fate. A nan dole in juya in gai da iyayen gidan fate, mutanen Zazzau. Titin da ya ratsa unguwarmu sunan garinku yake ɗauke da shi, titin Zariya, don haka duk wanda ya shigo Kano daga wajenku, ta ƙofar gidanmu yake wucewa, kuma tun daga Unguwa Uku muke jiyo ƙamshin yakuwa. In akwai Bazazzagi cikin masu cewa duk kanwar ja ce, to ya ji tsoron Allah. Ranar da aka daina ɓarza a duniya, ku za a fara zuwa yi wa ta'aziyya. Mu Kanawa muna da gurasa, za mu lallaɓa.

Yanzu mai gardama zai canja sheƙa. Zai ce, to na yarda ɓarza daban niƙa daban, amma ai sauran duk daka ne. Haba? Shiga gida ka tsaya kusa da turmi na yini ɗaya, in matan gidan ba su kore ka ba. Zangarniyar gero in ta shiga turmi don a raba ƙwaya da ƙaiƙayi, sussuka ake yi. In an yayyafa wa ƙwayar ruwa ana bugu don dusa ta fita, surfe ne. In busasshen abu ne ake so ya zama gari, barkono ko kuka ko citta, shi ne daka. In abin mai danshi ne ana so ya haɗe jikinsa ya yi danƙo, kamar fura ko sakwara, kirɓi ne. Attaruhu da albasa kuwa in an ɗan bubbuga su sama-sama don miya, jajjage ne, kuma in aka kai su inji aka zuba ruwa suka zama ruwa-ruwa, markaɗe ne. Turmi ɗaya, taɓarya ɗaya, hannu ɗaya. Amma ka ce wa amarya ta daka maka sakwara, ko ta kirɓa maka yaji, ka ga irin kallon da za ta yi maka. Kowace kalma a nan tana ɗauke da labarin abu uku a cikinta: da me aka yi aikin, abin jiƙaƙƙe ne ko busasshe, kuma a ina aka tsaya.

Dandaƙa kuma ba ta son turmi sosai. Ita dutse take so, ko guduma, ko bayan gatari, abu mai tauri a kan abu mai tauri. Ana dandaƙa ƙashi, ana dandaƙa ƙwallon goruba, mai magani yana dandaƙa saiwa kafin ya jiƙa. Makiyaya ma suna da nasu aikin da suke kira dandaƙa, wanda ake yi wa bijimi ko bunsuru don ya yi ƙiba ya daina rigima. Ba zan yi bayani ba, akwai yara a wurin. Wanda ya ce duk kalmomin ɗaya ne, ya je kasuwar dabbobi ya ce a marmasa masa bunsuru.

Marmasa ita ce wadda na fi ƙauna, kuma ita ce ta fi kusa da ɓarza a sakamako, shi ya sa masu gardama suke fakewa da ita. Gaskiya ne, duka biyun ƙanana-ƙanana suke bari, ba gari ba. Amma marmasa ba ta san inji ba, ba ta san taɓarya ba. Aikin yatsu ne, kuma sai abin da dama a shirye yake ya rabu. Ku kalli mace a bakin tukunya ta ɓare dunƙulen Maggi: ba ta jefa shi haka nan, sai ta riƙe shi a kan tururi ta matsa da yatsu biyu, ya zube kamar yashi, ta karkaɗe hannu a gefen tukunya. Ku kalli ɗan makaranta da garin kwaki a kwano da ƙuli-ƙuli ɗaya tal, yadda yake marmasa shi a hankali don ya ratsa ko'ina, kada loma ɗaya ta fi wata gata. Busasshen burodi ana marmasa wa kaji. Tsohon bangon ƙasa da damina ta ci, in ka taɓa shi marmashewa yake yi da kansa, ba wanda ya buge shi. Abin da ya zube kuma marmashi ne, ɗan'uwan ɓurɓushi. Masara kuwa, ko Shago ɗan dambe ne a zamaninsa, ba zai marmasa ta da yatsu ba. Ƙwayar da ta yi gardama ita ake ɓarzawa, wadda ta sallama ita ake marmasawa. Na so in ce haka mutane ma suke, amma na tuna da wa nake magana.

'Yan boko na ga kun yi shiru, kuna jiran in kawo takarda. Ga ta. Bargery, wanda ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa a 1934 mai kalmomi wajen 39,000, bai tattara waɗannan ya zuba a buhu ɗaya ba, kowace ya ba ta gurbinta. Abraham ya biyo da nasa a 1949. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, nan cikin garin nan, ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, Hausa zalla ana fassara ta da Hausa. Mutanen nan sun ƙarar da shekaru suna bin tsofaffi da alƙalami suna tambayar irin abin da yaron inji ya sani tun bai kai shekara goma sha biyar ba. Abin da ya ba ni haushi da kaina ke nan: littattafan suna kan kantata ranar da na ce a niƙa.

Tunda kun taɓo nahawu, ku ƙara da wannan. Kun lura ana cewa ta ɓarza, amma ta ɓarje? Ta marmasa, amma ya marmashe? Ya fasa, ya fashe. Ya murza, ya murje. Ya ragargaza, ya ragargaje. Ƙa'ida ce tsayayya a bakin Bahaushe: z da s in suka ci karo da wasalin e ko i, sai su koma j da sh. Shi ya sa ake cewa ɓarzajjen gero, da z a gaba da j a baya, a kalma ɗaya. Daga nan ne kuma aka sami ɓarje gumi, abin da ɗan kasuwar Kwari yake yi ranar da ciniki ya faɗa, ya aika a sayo masa kaza. Sannan ku dubi yadda harshen yake ninka gaɓa in aikin ya yawaita: fasa sau ɗaya ne, farfasa kuwa an yi ta yi, gutsura loma ɗaya ce, gutsuttsura an bar abin kaca-kaca. Paul Newman, wanda ya yi aiki a Kano a shekarun 1970 kafin ya rubuta babban littafinsa na nahawun Hausa da ya fito a 2000, ya daɗe yana nazarin irin wannan ninki. Mu mutanen Gyaɗi-Gyaɗi ba ma buƙatar a koya mana ninki, a sunan unguwarmu muke kwana da shi. Hukuma ma da ta zo rabon mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Tarauni, sai ta ga ba za ta iya haɗiye mu ɗungurungum ba, ta raba mu biyu, Arewa da Kudu. Ɓarza ke nan, ba niƙa ba, don har yanzu ana jin mu a haƙori.

Inda na fi so mu yi faɗa da ku shi ne wajen labarai da ƙwallo. Ku buɗe rediyo da safe. Ƙungiya ta ci ɗaya mai ban haushi a minti na tamanin da tara, da bugun fenariti mai gardama, sai ka ji an ce ta ragargaji abokiyar karawarta. Wace irin ragargaza? Ragargaza ita ce abin da tirela take yi wa akwatin tumatir, ba a tsintar komai. Abin da Jamus ta yi wa Brazil a gidanta a gasar cin kofin duniya ta 2014, ci 7 da 1, wannan ragargaza ce, ba mai musu. Abin da Bayern Munich ta yi wa Barcelona a Lisbon a 2020, ci 8 da 2, shi ma haka, kuma ina miƙa gaisuwa ta musamman ga 'yan Barca na gidajen kallo na Zoo Road, waɗanda a daren nan suka bi ta lungu suka koma gida. Amma in kun kashe ragargaza a kan ci ɗaya, ranar da aka zura takwas me za ku ce? Ɗaya da nema ko marmasawa ba a yi ba, an dai gutsura. Biyu ko uku, a ce an ɓarza, na yarda. Ku riƙa auna wa kalma nauyinta kamar yadda mai awo yake yi, kada a cika kwano da tozo a kan abin da bai kai rabi ba.

Haka murƙushe. Ita danniya ce, a hau kan abu da nauyi har ya daina motsi, shi ya sa ta dace da tawaye da juyin mulkin da bai yi nasara ba. Haka lugude, wanda asalinsa mata biyu ko uku ne a kan turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, har da cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Daga nan aka sami luguden wuta a bakin 'yan jarida, da luguden leɓe a bakin majalisa. Kalmomin madafi ne duk suka fita yawon duniya. Daka ma ta fita: ana daka tsalle, ana daka tsawa, ana daka wawa. Niƙa ta fita, mutum yana niƙar hanya tun daga Hotoro har Kurmi in ba shi da kuɗin mota. Kirɓa ta fita, ana kirɓa wa mutum naushi. Kowace ta tafi da halinta na gida. Ba a kirɓa tsalle, ba a marmasa tsawa. Ku da kuke cewa duk ɗaya ne, bakinku bai taɓa yin wannan kuskuren ba ko sau ɗaya. A gardama ne kawai kuke musu, a magana kuwa kuna bin doka sau da ƙafa.

Zan ba ku abu ɗaya, don kada a ce na cinye gardamar ni kaɗai. Tsakanin ragargaza da rugurguza da dagargaza, in mutum ya musanya ɗaya da ɗaya ba zan kai shi kotu ba, ko da yake kotun ba ta da nisa da gidana. Ni dai kunnena yana jin rugurguza ta fi dacewa da abin da ya ruguje ya zama tsibi, kamar gini ko dafaffiyar doya, dagargaza kuma da abin da ya narke ya rasa siffa, kamar naman da ya kwana a wuta. Amma wannan ɗanɗanona ne. Kuma Hausa faɗi gare ta, abin da Bakano ya kira da wani suna, Basakkwace ko mutumin Maraɗi yana iya kiransa da wani, ba wanda ya yi laifi. Wannan na sallama. Abin da ban sallama ba shi ne a ce mini ɓarza da niƙa ɗaya ne, domin ni na biya kuɗin wannan darasi, kwano shida, da na mota, da canjin da na bar wa yaro.

Kuna tambaya yaya aka ƙare da garar? Aka sake auno wata alkamar, daga aljihuna. Wannan karon Yaya ba ta ko kalli inda nake ba, ta kira jikarta 'yar shekara tara ta ɗora mata, ta ce, "Ki ce a ɓarza, kada ya yi laushi. Maimaita." Yarinya ta maimaita. Yaya ta ce, "Yawwa. Kin fi wani." Alkaki ya yi kyau, dangin ango suka yaba. Garin da na niƙo kuwa, tunda ba a zubar da abinci, aka yanke mini hukuncin cinye shi: funkaso da safe, alkubus da dare, har na fara mafarkin miyar taushe.

Har yau in na bi ta gaban injin nan, ko ba na ɗauke da komai, yaron yana hango ni zai rage ƙarar inji, ya leƙo da farar fuskarsa, ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Baba, yau aski ne ko niƙa?"